Ɗigon ɗorawar da ke cikin ampul

Duk wanda ya zauna ajin shimi a kwalej ko lise ya san allon Mendeleyev, wanda ake liƙawa a bango ko a bugo shi a bangon littafi na ƙarshe. A ƙasan allon akwai layi biyu da aka ware gefe guda, kamar baƙin da aka shimfiɗa ma tabarma a waje. Tsarin karatunmu ba ya kai wa gare su. Yaro zai hardace sinadarai 20 na farko, ya ci brebe, ya ci bak, bai taɓa jin an ambaci sunan ko ɗaya daga cikin na layin farkon nan ba. Ni da na daɗe ina koyar da fizik da shimi, nakan ware awa guda a kowace shekara domin layin farko daga cikin biyun. Dalilina shi ne, hasken da yaran nan ke karatun dare da shi daga wannan layin ya fito. Ina so in faɗa ma ƴan uwana malamai da iyayen yara abin da ke cikin wannan awa, da abin da ya sa nake ganin ta fi ƙarfin a bar ta.

Ƙarafan layin nan 15 ne, daga lamba 57 zuwa 71. In aka haɗa su da ƴan uwansu biyu, iskandiyom da itiriyom, sun zama 17. Da Faransanci ana ce musu terres rares, watau ƙasa mai wuyar samu. Sunan ya zarce gaskiya. Seriyom, wanda ya fi sauran yawa, yana cikin ƙasa kamar yadda tagulla take, kuma ko mafi ƙarancin waɗanda ake haƙowa daga cikinsu ya fi zinariya yawa nesa ba kusa ba. Wuyarsu a wurin rabewa take. Suna zuwa a cakuɗe cikin dutse guda, halinsu kusan ɗaya, kamar a zuba maka gero da maiwa cikin ƙwarya a ce ka tsince. Wani masanin shimi a Amurka, Charles James, sai da ya narkar ya daskarar da gishiri guda sau 15,000 kafin ya samu tuliyom mai tsabta a 1911. Idan na faɗi wannan adadi a aji, masu ƙorafin an ba su lissafi goma su yi a gida sukan yi shiru.

Labarinsu ya faro a wani ƙauye na ƙasar Suwidin mai suna Ytterby, kusa da Istokholm. A 1787 wani hafsan soja mai sha'awar duwatsu, Carl Axel Arrhenius, ya tsinci wani baƙin dutse mai nauyi a ramin haƙar ma'adinai na ƙauyen. A 1794 Johan Gadolin ya bincike shi ya gano akwai sabon abu a ciki. Daga baya sinadarai huɗu suka ci sunan wannan ɗan ƙauye: itiriyom, iterbiyom, terbiyom da erbiyom. Shi kuwa uropiyom, wanda zan fi magana a kai, wani Bafaranshe ne, Eugène Demarçay, ya ware shi a 1901, ya raɗa masa sunan nahiyar Turai.

Me ya haɗa su da haske? In aka haska wasu abubuwa da hasken da ido ba ya gani, wanda ake kira UV, sai su shanye shi su mayar da wani haske mai launi wanda ido ke gani. Ba su ƙonewa, ba su ɗaukar zafi kamar garwashi. Abubuwa da yawa na yin haka. Kunama ma na yi: haska ta da tocilar UV da dare, za ka ga ta yi wani tsanwa-tsanwa mai ɗaukar ido. Farar riga da aka wanke da omo takan yi shuɗi. Amma hasken uropiyom da terbiyom daban yake. Na uropiyom ja ne tsantsa, na terbiyom tsanwa ne tsantsa, ba gauraye. Masu awo suna samun jan a wajen nanomita 612, tsanwan a wajen 545, kuma duk inda ka sa ƙarfen, cikin gilashi ko roba ko tawada, launin ba ya gusawa sai ɗan kaɗan.

Yadda nake bayyana ma yara dalilin haka shi ne da ginin gidanmu na Hausa. Elektoron ɗin da ke ba da hasken a cikin waɗannan ƙarafa suna can cikin gida. Kafin ka kai gare su sai ka wuce zaure, ka wuce shigifa, ga katanga ta kewaye. Hayaniyar titi ba ta isa gare su, shi ya sa ba su sauya hali ko wace unguwa aka kai gidan. Sai dai katangar da ta kare su ita ce kuma ta hana su jin sallama. In ka haska uropiyom shi kaɗai, ɗan abin da yake sha daga hasken bai taka kara ya karya ba.

A 1942 wani masani a Amurka, Samuel Weissman, ya lura da mafita. In aka kewaye ƙwayar uropiyom da wasu molekil masu karbon waɗanda suka iya shan hasken UV, su ne za su karɓi hasken su miƙa ƙarfinsa ga ƙarfen da ke tsakiya, shi kuma ya fitar da jan haskensa. Wannan taron, ƙarfe a tsakiya da molekil kewaye da shi, shi ake kira kompleks a shimi. Fada ce sosai. Talaka ba ya magana da sarki kai tsaye. Fadawa ke karɓar saƙo su isar, sarki ya yanke magana. Idan fadawan na kirki ne, saƙo ya isa duka. Idan akwai ɓarawo cikinsu, a hanya zai salwanta. Babban ɓarawo a wannan fada shi ne ruwa. Molekil ɗin ruwa in ya samu ya raɓi ƙarfen, sai ya sace ƙarfin ya mai da shi zafi, hasken ya dushe. Saboda haka rabin aikin masu haɗa irin wannan kompleks shi ne su cika wurin zaman fadar da fadawan kirki har ruwa ya rasa inda zai tsuguna.

Hanya biyu ake bi a ci amfanin wannan haske. Ta farko ita ce a toya ƙarfen cikin garin ma'adini a wuta mai tsanani. Ita ce ta fara shigowa gidajen mutane. Talabijin mai launi ta farko jan nata ba ya da ƙarfi, dole a rage sauran launukan don su daidaita, hoton ya fito dishi-dishi. A 1964 masu bincike biyu a Amurka, Levine da Palilla, suka fito da gari mai uropiyom, ja ya samu ƙarfi, hoto ya washe. Tsohuwar tele mai ƙaton baya da muka kalli ƙwallo a cikinta muna yara, jan rigar ƴan wasa uropiyom ne. Ampul ɗin nan mai murɗaɗɗiyar kwalba da aka yi yayi don rage kuɗin kuran, farin garin da ke shafe a cikinta haɗin uku ne: uropiyom na ba da ja da shuɗi, terbiyom na ba da tsanwa.

Ampul ɗin LED na yanzu ma haka. Ɗauko tocila ko fitilar hasken rana, ka kashe ta, ka duba tsakiyarta. Za ka ga ɗan ɗigo ruwan ɗorawa. A ƙarƙashinsa akwai ƙwayar da ke ba da haske shuɗi zalla, irin wadda ta sa aka ba Japanawa uku, Akasaki da Amano da Nakamura, kyautar Nobel ta fizik a 2014. Ɗigon ɗorawan nan gari ne mai itiriyom da seriyom da aka kwaɓa cikin roba aka shafa a kai. Yana shan wani kaso na shuɗin ya mai da shi rawaya, ragowar shuɗin ya wuce, idonka ya haɗa su ya ga fari. Farin LED irin wannan ya shiga kasuwa a 1996. Yau shi ne a hannun mai shayi, da mai tsire, da ɗalibar da ke bita a tsakar gida bayan an ɗauke kuran.

Hanya ta biyu ita ce ta kompleks ɗin da na faɗa, kuma ita ce ke kai mu ga maganar siririn shafe. Garin ma'adini ba ya narkewa, kuma in ka shafa shi a gilashi sai ya rufe gani kamar farar ƙasa. Kompleks kuwa yana narkewa cikin wasu ruwaye, ya gauraya da roba ko tawada. Ana iya shimfiɗa shi ya zama yana, irin yanar da kunu ke yi in ya huce, sai dai ta fi ta siranta ƙwarai. Wata dabarar da ake yi a labo mai sauƙin ganewa ce: a ɗiga ruwan a kan ɗan gilashi, a juya gilashin kamar farfela sau dubbai a minti guda, ruwan ya watsu, abin da ya rage ya bushe ya zama yana. Kaurinta na iya zama nanomita 100. Gashin kan mutum ya fi ta kauri kamar sau 700. Da rana ba ka ganin komai a kan gilashin. Haska shi da UV, sai ya yi ja wur.

Wa ke bukatar yanar da ba a gani sai an haska ta? Na farko, masu buga kuɗi. A 2002, da takardun yuro suka fito, masu bincike a jami'ar Utrecht ta ƙasar Holand suka auna hasken da takardun ke fitarwa a ƙarƙashin UV, suka ga jan ya yi daidai da na kompleks ɗin uropiyom. Mai buga jabu na iya kwaikwayon zane da launi, amma kwaikwayon wannan siririn ja wani aiki ne dabam. Ƴar fitilar nan mai shuɗin haske da ake sa takardar kuɗi a ƙarƙashinta a banki ko wurin ƴan canji, irin wannan shaida take nema.

Na biyu, masu gwajin jini. Hasken uropiyom yakan daɗe kamar kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa bayan an kashe fitilar da ta tada shi. A wurinmu wannan ba komai ba ne, amma hasken sauran tarkacen da ke cikin jini yana mutuwa sau dubbai kafin haka. Sai na'ura ta haska, ta ɗan dakata har masu surutu su yi shiru, sannan ta saurari uropiyom shi kaɗai. An gina wannan dabara a Finland a shekarun 1980, ana kuma amfani da ita wajen gwajin jarirai sabbin haihuwa.

Na uku, manoma da masu faranti na hasken rana. Tsiro ya fi cin amfanin jan haske a kan UV, haka shi ma farantin silisiyom da muke ɗorawa a kan rufi. To me zai hana a shimfiɗa yanar da za ta juya UV ya koma ja? A 2022 masu bincike a jami'ar Hokkaido ta Japan suka shafa kompleks ɗin uropiyom a kan ledar rumfar shuka. A lokacin sanyinsu, da rana ke ƙaranci, ganyen da ke ƙarƙashin ledar ya fi na ledar banza girma da nauyi. A lokacin zafi ba su ga wani bambanci ba. Nakan tsaya a nan in tambayi yara: in aka kawo wannan leda Maraɗi ko Tawa, inda rana ta yi mana yawa, za ta yi amfani? Gardamar da ke biyo baya ta fi duk wani abin da zan rubuta a tablo. Wasu su ce asarar kuɗi ce, wasu su ce a gwada a lambu lokacin hunturu da hazo ke rufe rana. Abin da nake so su gane kenan, cewa abin da ya yi a Hokkaido sai an auna shi a nan kafin a san ko ya yi.

Akwai kuma inda abin bai kai ba tukuna. Tun 1990 Junji Kido da abokan aikinsa a Japan suka nuna ana iya sa yanar kompleks ɗin terbiyom ta yi haske da kuran kai tsaye. An yi zaton ita za ta zama fuskar salula. Har yau ba ta zama ba, wasu sinadaran ne suka ci kasuwar. Babbar matsalar kompleks ita ce fadawan ba su da juriyar sarki. Rana da zafi da iska suna cinye molekil ɗin da ke kewaye, hasken ya ragu. Shi ya sa ake ta neman yadda za a kulle su cikin gilashi ko roba mai ƙarfi. Duk wanda ya ga yadda ledar da aka bari a rana ke ruɓewa cikin wata biyu a ƙasarmu ya san girman wannan matsala, kuma ya san inda ya dace a zo a gwada maganinta.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu. Ƙasar Sin ce ke haƙo fiye da rabin waɗannan ƙarafa a duniya, musamman a Bayan Obo, kuma ita ke tace kusan kashi 90 cikin 100. Tacewar nan ba ta da tsabta, tafkin dagwalon da ke kusa da birnin Baotou shaida ne. Amma ƙarfin yana hannun mai tacewa. A watan Afrilun 2025 da Sin ta sa sharaɗi a kan fitar da bakwai daga cikinsu, har da terbiyom da itiriyom, manyan kamfanonin Turai da Amurka sun ji a jikinsu. Afirka na da duwatsun. A Burundi an fara haƙa a Gakara a 2017, ana fitar da shi ɗanye, aka dakatar a 2021. A tudun Jos, cikin yashin da masu haƙar kuza suka bari, akwai monazit mai ɗauke da su. Mu ƴan Nijar ba mu bukatar a ba mu labarin yadda wannan ciniki yake. Tun 1971 aka fara fitar da uraniyom daga Arlit, kuma har yau ampul ɗin da ke ɗakin mahaƙin daga waje aka sayo shi. Dutse ana sayar da shi da tan. Yanar da aka yi da shi, abin da ke cikinta bai kai nauyin ƙwayar gero ba, amma ita ke da tsada, domin abin da ake biya a cikinta sani ne.

Uraniyom ɗin ma ta ƙofar haske aka gane sirrinsa. Gishirinsa na yin tsanwan haske in an haska shi. A 1896 Henri Becquerel yana binciken wannan hasken a Paris, yana shanya gishirin a rana a kan farantin hoto da aka naɗe cikin baƙar takarda. Hadari ya rufe rana kwana da kwanaki, ya ajiye kayan cikin durowa. Da ya wanke farantin sai ya ga alama ta fito ba tare da rana ba. Daga nan aka san akwai wani haske da ke fita daga cikin atom da kansa. Uraniyom na zaune a layi na biyu na ƙasan allon nan. Watau layi guda na haska ɗakunanmu, ɗayan shi ne arzikin ƙasarmu, kuma duka biyun ba su cikin abin da muke koya ma ɗiyanmu.

Na san amsar da za a ba ni, don ni ma cikinta nake: ba labo, ba kayan gwaji, aji ya cika ya batse, ga jarabawa na tafe. Gaskiya ne. Amma wannan darasi ba ya bukatar labo. Abin da nake shiga aji da shi yana shiga aljihun riga: tsohon faifan CD, tocilar LED, ƴar tocilar UV irin ta duba kuɗi, da murɗaɗɗen ampul in na samu. A rufe tagogi. A kunna kyandir, yaro ya karkata faifan har ya ga hasken a ciki: zai ga bakan gizo a jere, launi na shiga cikin launi. A kunna murɗaɗɗen ampul daga nesa: bakan gizon ya tsinke, ya zama hoton ampul ɗin daban-daban, ga ja, ga tsanwa, ga shuɗi, da duhu a tsakaninsu. Jan nan uropiyom ne yaro ke gani da idonsa. Sannan a kashe LED a nuna musu ɗigon ɗorawa. In akwai mai agogo ko tasbaha mai haske cikin duhu, a haska ta a kashe fitila. Masu daɗewa suna haske har tsakar dare galibi da uropiyom da disporoziyom ake yin su, haɗin da wani kamfanin Japan ya fito da shi a 1993. Hattara biyu kawai: kada a haska UV a ido, kuma kada a fasa murɗaɗɗen ampul ko dogon tib, don akwai zaiba a ciki, guba ce.

A irin wannan awa na sha ganin yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta riƙe faifan ta ƙi saki. Na ga yaron da ke zaman bayan aji ya dawo washegari yana ba da labarin ya gwada da fitilar masallacin unguwarsu da ta babur ɗin yayansa, kuma ba iri ɗaya ya gani ba. Ba na cewa dukansu za su zama masana shimi. Amma a ƙarshen kwalej ne yaro ke yanke ko zai bi kimiyya ko zai guje ta, kuma da yawa suna gudu ne don sun ɗauka shimi haddar haruffa ce da ba ta da alaƙa da komai a gidansu.

Iyaye, naku ya fi sauƙi. In tocila ta mutu, kafin a jefar, a bar yaro ya kwance ta ya ga cikinta. In ya tambaye ku me ya sa abu kaza ke haske, ko ba ku da amsa, kada ku kore shi. Ku ce ya kai tambayar wurin mushensu, in ya dawo ku tambaye shi abin da aka ce. Ɗiya mace ma haka, kada a ce wannan wasan maza ne.

Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929. Ya yi shekaru yana jagorancin ofishin binciken makamashin rana na ƙasa, a zamanin da mutane kaɗan ne a duniya suka ɗauki abin da muhimmanci. A littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka ya nemi a koyar da yara da harsunansu. Na ga gaskiyarsa a aji: da na ce zaure da shigifa, sarki da fadawa, yanar kunu, yara sun kama cikin minti biyar abin da Faransanci zalla ke ɗaukar mako bai shiga ba. Daga baya sai a ba su sunayen Faransancin don jarabawa, su zauna a kan tushen da aka riga aka kafa.

Malamai ƴan uwana, awa guda ce a shekara. Ku nemi faifan CD tun kafin su ɓace daga kasuwa, ku gwada a gida da dare, sannan ku kai aji. Wanda ya gwada, ya rubuto mana abin da yaransa suka gani da tambayoyin da suka yi.